Ka Kwance Ƙafafun da Na Ɗaura Maka

Gwammaja, cikin birnin Kano.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka hawa da gangara a wannan tsauni na Mambila da aiki ya kai ka. Allah Ya sa shanun da kake bi ruga-ruga kana yi wa allura su karɓe ka, masu su ma su karɓe ka hannu biyu. Mu nan sai godiya.

Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Ummanka ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma ta yi mini alkawari ba za ta gyara mini magana ba, ko da yake ka san halin tsohuwar malamar firamare, da ƙyar take danne kanta. Ba labarin gida zan ba ka ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, wato ƙafafun keken nan biyu da na ɗaura maka kafin ka tafi. Ba su da kyau, Abba. Ka sani tun kafin ni in sani, amma ka ɗora su a mota ka tafi da su, kuma a kansu kake gangaro duwatsu kullum. Duk sanda sabis ya bari na same ka a waya, sai ka ce mini, "Garau suke, Baba," ka koma tambayar ciwon ƙafar Umma. Shi ya sa na koma takarda, don ita ba a katse ta da gaisuwa.

Dole a sake ɗaura ƙafafun nan, kuma wannan karon kai za ka zaɓi rim da kanka, ka duba hob, wato cibiyar ƙafa, da kanka, a garin da ba ka da kowa. Ni ba ni da abin da zan ba ka sai kurakuraina. Suna da yawa, na kuma biya su da tsada, don haka ka saurara.

Na farko na yi shi ina saurayi, ina koyon aiki a zauren kakanka mai sunanka. Aka kawo wani keken tsere da ya karye, kakanka ya saya don kayan jikinsa. Rim ɗinsa siriri, yana sheƙi, na rasa inda zan sa kaina don so. Na lallaba na ɗaura shi a gaban kekena. To amma hanyar ƙauyen kawunnaina ta burji ce, tsakuwa da yashi, siririyar taya ba ta bin ta. Sai na ga ai da sauƙi, na ɗauko ƙatuwar taya irin ta masu dakon itace na cusa a siririn rim ɗin. Ta shiga kuwa, na bankara ta da iska, ta kumbura ta yi tulu-tulu. Kakanka ya leƙo ya dube ta, ya ce, "Ka ɗora randa a bakin kwalba." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. A raina na ce tsoho ne, bai san ado ba.

A miƙaƙƙiyar hanya ba ta nuna komai ba. Sai da na zo wata kwana a gangare, na kwanta da keken kamar yadda na saba, sai na ji gaban ya tafi wani wuri daban. Tayar ta naɗe gefe guda, ta fice daga bakin rim, tif ya fashe, ni kuma na share tsakuwa da haɓata. Tabon da kake wasa da shi kana ƙarami, kana tambaya ko gemu ne ya ƙi fitowa a wurin, shi ne wannan.

Don haka in ka je zaɓar rim, kada ka dubi kyansa, kada ka auna bayansa. Cikinsa za ka auna, tsakanin leɓe da leɓe, inda taya ke zama. Tayar keken nan naka na hanyar tsakuwa da kuke kira girabul faɗinta milimita arba'in da biyar ne, tana son rim mai cikin ashirin da uku zuwa ashirin da biyar. Amfanin faffaɗar taya shi ne ka rage mata iska ta rungumi tsakuwa, ta shanye gargada. A kan matsattsen rim kuwa, in ka rage iska ta riƙa lanƙwasa a kwana, in ka cika ta kuma ta riƙa tsalle a kan dutse kamar ƙwallo, ka ga an yi ba a yi ba. Kada kuma ka ce tunda faɗi ake so bari ka nemo wanda ya fi kowane faɗi. Shi ma yana baje tayar, ya fito da gefenta mai laushi inda kaifin dutse zai yanka. Kuma ka tuna, taya ɗaya ce amma a faffaɗan rim ƙara kumbura take yi, saboda haka ka gwada a jikin keken kafin a ɗaura wayoyin ƙafar. In ɗan yatsanka bai shiga tsakanin taya da ƙarfen keke ba, ranar da aka yi ruwa laka za ta cike wurin ka koma saɓa keke a kafaɗa.

Ka nemi na alminiyam mai bango biyu. Na san abokanka na tsere za su zuga ka kan baƙin nan mara nauyi da ake kira kabon. Ka bar musu. Alminiyam in ya daki dutse lotsawa yake yi, a miƙe shi ka isa gida, shi kuwa wancan tsagewa yake yi, kuma babu mai ɗinke maka shi a ruga. In kana son taya mara tif, irin wadda ake zuba wa ruwan liƙi, ka tabbata rim ɗin don haka aka yi shi, kuma duk da haka kada ka fita ba tif a jaka.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, don ba a jikina ya ƙare ba. Lokacin kakanka ya rasu, zaure ya dawo hannuna, kai kana goye. Akwai wani aminin kakanka, Alhaji Muftahu, daga gidajen Larabawan nan na cikin gari, mai fataucin yadi. Mutum ne mai kirki, shi ya yi wa kakanka wanka. Wata rana da hantsi ya zo da kansa, riƙe da wani hob, wato cibiyar ƙafar da wayoyi ke tashi daga jikinta, naɗe a hankici. Ya sayo shi a tafiya, ya ce a sa a keken ƙaninsa Nasiru, wanda ke kai masa dilolin shadda kasuwa. Na ƙirga ramukan hob, talatin da shida. Na ƙirga na rim ɗin keken, talatin da biyu. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya dafa kafaɗata.

"Ɗan Malam, ai hannun mahaifinka ne da kai. Shi bai taɓa ce mini abu ba zai yiwu ba."

"Haka ne, Baba Alhaji."

"To, in aiko bayan la'asar?"

"Allah Ya kai mu."

Abin da na faɗa ke nan. Yaya zan dubi mutumin da ya wanke ubana in ce masa tsarabarsa ba ta dace ba? Na zauna na yi dabara, na tsallake rami nan, na tsallake can, wasu wayoyin na ja su har suna kuka, wasu na bar su sako-sako. Da na juya ƙafar ta tafi daidai a ido, har na yaba wa kaina. Ta yi 'yan makonni tana aiki. Ran nan Nasiru ya ɗauko kaya ya biyo ta gangaren Goron Dutse, wayoyi suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafar baya ta naɗe a ƙarƙashinsa. Ya dafa ƙasa da hannun dama. Har ya bar duniya wuyan hannun nan bai miƙe ba, da hagu yake karɓar gaisuwa yana ba da haƙuri. Alhaji Muftahu kuwa bai taɓa ce mini uffan ba. Kullum ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Ɗan Malam, sannu da aiki." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Saboda haka ka ƙirga ramuka da bakinka, na hob da na rim, su zo ɗaya. Kai da kake ɗaukar akwatin sanyi na allurai a baya, ga nauyinka, kada ka yi ƙasa da talatin da biyu, komai daɗin bakin mai sayarwa. In waya ɗaya ta tsinke a daji, sauran za su riƙe ka har ka fita. In kuma hob ɗinka ya lalace za ka sake wani, kada ka saya da ka. Ka tafi da keken gaba ɗaya. Kekunan yanzu kowanne da irin sandar da ke ratsa cibiyarsa, wata siririya mai maɗauri, wata mai kauri da ake murɗawa cikin ƙarfen keke, kuma faɗin wurin zaman ma ba ɗaya ba ne. Ka duba inda farantin birki, wato faifan ƙarfen da birki ke damƙa, ke zama, na noti shida ne ko na murfi ɗaya. Ka duba inda haƙoran giya ke hawa, ko zai karɓi naka. Duk wanda ya ce maka, "Kawo, za mu yi dabara," ka yi masa godiya ka ɗauki kekenka. Ni ma mai dabara ne, ga inda ta kai Nasiru.

Na uku abin dariya ne, Ummanka ma ina jin ta tana dariya ƙasa-ƙasa tun ban fara ba. Da girmana, da furfurata ta fara fitowa, na ga wani hob a wurin masu kayan gwanjo, irin mai ƙara ɗin nan in ka daina taka feda, kamar an taɓo gidan zuma. Na saya na sa a kekena don in na shigo layi a san na shigo. Ummanka ta ce, "Malam, yanzu kai ma?" Na ce mata ai ba ta san kaya ba. Damina ɗaya ya yi. Na ratsa ruwa da shi sau da yawa, boris ɗinsa irin rufaffen nan ne da ba a buɗewa, ya fara gurnani, daga baya ya cije. Na zaga Sabon Gari shago-shago da shi a aljihu, babu mai irin girmansa. Mai gyaran keke guda, ɗan mai gyaran keke, na koma zuwa masallacin Juma'a a ƙasa, kekena na rataye a zaure yana tsatsa, abokan aiki suna tambayata ko zumar ta ƙare.

Kai da kake inda ruwa ba ya ɗaukewa da wuri, ka tambayi kanka abu ɗaya kafin ka sayi hob: in ya lalace a ƙauye, da me zan gyara? Mai ƙwallayen boris a sake, wanda ake buɗewa da sifana a wanke a cusa giris, ba ya burge kowa, amma ƙwallayensa ko a kasuwar ƙauye akwai. In kuma rufaffe ne, ka karanta lambar da ke jikinsa, ka tabbata irin wadda masu babur da masu janareto ke sayarwa ce, ka ajiye biyu a ɗaki. Kada ka bari masu wankin mota su harba masa ruwan inji. In damina ta wuce ka ɗaga ƙafa ka juya ta, ka sa kunne a jikin ƙarfe. In ka ji kamar ana niƙa yashi, kada ka jira gobe.

Ina faɗa maka duk wannan ina jin kunyar kaina, domin abin da ya kamata ka koya da hannu ne tun kana ɗan shekara goma, ba a takarda ba da gemunka. Wannan shi ne kuskure na huɗu, kuma shi ba ya gyaruwa. Kana yaro ba ka da wurin zama sai gefena. Kana miƙo mini waya tun kafin in nema. Ni kuwa lokacin babura sun cika gari, masu keke suna ta raguwa, daga baya a-daidaita-sahu ta zo ta ƙarasa mu. Wuni guda sai in yi faci biyu in tashi. Na dubi sana'ar na ga gawa ce ba a binne ba, na rantse ɗana ba zai gaje ta ba. Ka tuna ranar da na same ka ka ɗaura rabin ƙafa kai kaɗai, ka kawo mini kana murna? Na fizge, na kwance ta a gabanka, na ce in na sake ganinka a zaure da rana sai na saɓa maka. Ɗaurin nan daidai yake, Abba. Ban taɓa faɗa maka ba. Ko waya ɗaya ba ka saɓa ba.

Na kore ka zuwa makaranta, kuma ban yi da-na-sanin karatunka ba. Amma me zai hana in ba ka duka biyun? Sai ga shi Allah Ya jarrabe ka da son keke fiye da ni, ka ƙi babur ɗin da kowa ke hawa, ka tara ka sayi wannan mai lanƙwasasshen hannu, ka san sunan kowane ƙarfe a jikinsa da Turanci, amma waya ɗaya in ta saki ba ka san ta inda ake murɗa ta ba. Almajiran da na koya wa 'ya'yan wasu ne, duk sun watse, wasu gyaran babur, wasu tuƙi. Ɗanlami kaɗai ya rage a sana'ar, shi ma yanzu magidanci ne da shagonsa a Goron Dutse. Zauren kakanka kuwa, wani yaro ya zo neman haya zai sa cajin waya, na ce masa ya dawo bayan Salla. Zan ba shi. Babu wanda nake ajiye wa.

Yanzu sai na ƙarshe. Idona ya daɗe da fara tafiya. Da fari gefe-gefe ne ya rufe, daga baya tsakiyar ma ta zama kamar ana kallo ta cikin leda. Likita ya ce ruwan ido ne ya yi yawa ya danne jijiya, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran. Na hana Ummanka faɗa maka, na ce kana shirin tafiya, kada a ɗaga maka hankali. Gaskiyar ita ce ban so a sani ba. Na riƙa zama a zaure ina gane mutane da murya, ina yin faci da lalube, duk aikin da ya fi haka in ce hannuna cike yake.

Sai ka shigo da hob biyu sababbi a kwali, ka durƙusa ka ce, "Baba, so nake ƙafar da zan tafi da ita ta zama ɗaurinka." Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ɗan da na kora ya dawo da kansa yana neman aikin hannuna. A nan ya kamata in ce maka ba na gani. Sai na ji bakina yana cewa, "Ajiye nan." Ka ce za ka sayo rim, na ce kada ka ɓata kuɗinka, ina da wasu da na ɓoye tun zamanin da ake yin kaya na gaskiya. Na shiga na lalubo su. Masu ƙwari ne, ban yi ƙarya ba, amma na siririyar taya ne, cikinsu bai wuce goma sha bakwai ba. Na ji kana juya su a hannu. Sannan ka ce, "Sun yi, Baba."

Wayoyin ma tsofaffin ajiyata ne, na auna su da yatsa. Ban taɓa ɗaura ƙafa mai birkin faranti ba, ban kuma tambaya ba, wanzami ai ba ya son jarfa. Na ɗaura kamar yadda na saba, ina kaɗa waya da farce ina sauraron amonta, ina dafa babban yatsa a gefen rim ina jin inda yake taɓawa. Na manta kunnen ma ya sha injin markaɗen maƙwabta shekara da shekaru. Da na gama na kira ka, ka juya ƙafar gaba, ka juya ta baya. Ni kuma ina tsaye ina jiran yabo kamar yaro. Ka ce, "Madalla, Baba. Allah Ya ƙara girma." Na kwana ina alfahari.

Bayan tafiyarka Ɗanlami ya zo gaishe ni. Ya zauna a bakin tabarma, ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi jiki, ya tambayi Umma, ya koma kan tsadar taya. Na san shi tun yana ɗan sha biyu, in yana da magana haka yake kewaye-kewaye.

Na ce, "Ɗanlami, faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce, "Baba, Abba ya biyo ta wurina ranar da zai tafi, sayen tif."

"To?"

"Na juya ƙafafun ne kawai, Baba, irin sabo. Wallahi ba da wata manufa ba."

"Me ka gani?"

Sai da na daka masa tsawa kamar da, sannan ya faɗa. Rim ya matse tayar ta yi tulu. Ƙafar gaba ba ta zauna a tsakiya ba, ta karkata gefe. Wayoyin sun gaza tsawo, da yawansu da zare biyu ko uku kawai suka kama noti, wasu a ɗaure tam, wasu yana lanƙwasa su da yatsa. Ya ce birkin faranti daga cibiya yake kamawa, duk ƙarfin tsayawa ta cikin wayoyin yake bi kafin ya kai taya, ranar da ka matse shi da ƙarfi a gangare da kaya a baya, za su iya zarewa gaba ɗaya.

Na ce, "Kai kuma ka bar shi ya tafi?"

Ya ce, "Baba, na roƙe shi. Na ce ya bar mini su zuwa yamma, ko sisi ba na so. Ya ce in aka ga ƙafar da ka ɗaura a kwance a shagona, kafin magariba duk masu keken garin nan sun ji cewa almajiri yana gyara aikin malaminsa. Ya ce shi ba zai zama sanadin wannan ba. Ya ce aikin Baba ne, ba mai taɓawa, zai riƙa bi a hankali."

A hankali, a Mambila! Direban da zai kawo maka wannan takarda ya ba ni labarin hanyoyinku, ya ce akwai gangaren da in ka leƙa ƙasa shanu kamar awaki suke. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Waya in ta yi ƙara ba na iya ɗauka, sai in miƙa wa Ummanka in zuba wa fuskarta idon da ba ya gani. Na yi shekaru ina tsoron makanta, yanzu ta zo kuma ba ita ce a gabana ba. Ni da hannuna na ɗaura abin da zai iya kashe ɗana, shi kuma yana hawa kullum don kada a yi da ni a bakin kasuwa. Wace irin tarbiyya na yi maka, da mutuncin tsohon makaho ya fi maka wuyanka?

Ga abin da za ka yi. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka samo filaya ka yanke wayoyin duka, gaba da baya, don kada zuciya ta raya maka ko sau ɗaya ne ka ƙara hawa. Ka cire hob ɗinka, su lafiyarsu ƙalau. Ka nemi rim irin wanda na kwatanta maka, da wayoyi sababbi da aka auna da ma'auni. In akwai mai ɗauri a can, ka zauna a gabansa har ya gama, ka matsa wayoyin bibbiyu da hannunka ka ji ƙarfinsu ya zo ɗaya. In babu, ka ba direban nan hob ɗin da sabon rim ya kawo wa Ɗanlami. Ya ɗaura a bakin titi da rana tsaka, duk wanda ya tambaya ya ce na Malam ne ake gyarawa, Malam ya makance. Ni na sa shi. Kafin nan ka yi aikinka a ƙasa ko ka hau babur ɗin haya.

Na san ka. Za ka karanta ka ce Baba ya tsufa, tsoro ya yi masa yawa, ka ninke takarda ka sa a aljihu, gobe ka ɗaura akwatinka ka hau. Don haka zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa wani cikinku ba. Ummanka ta ajiye biro, ta ce ita ba da hannunta ba. Na ce mata ko ta rubuta ko in fita titi in nemi wanda zai rubuta. Ta ɗauka, tana kuka, in ka ga tawada ta baje a nan shi ne dalili.

Abba, in ka sake hawa keken nan da ƙafafun da na ɗaura, ko daga ƙofar ɗakinka zuwa bakin hanya ne, ban yafe maka ba.

Tsofaffin rim ɗin kuma kada ka dawo mini da su, kada ka ajiye su don tunawa. Ka ba yaran ruga su yi wasan gare.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa takardar nan ta riga ƙaddara isowa gare ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka 'ya'yan da za su iya duban idonka su faɗa maka gaskiya. Ummanka tana gaishe ka. Ka kira da zarar ka yanke, ina nan zaune kusa da wayar.

Wassalam.

Mahaifinka.